Darasin noma: Itatuwan da suka dace da ƙasar dutse

A Adar, da Dogon Dutsi, da Damagaram, da Kutus, garuruwa da yawa suna zaune a gindin dutse. Bayan gari akwai tudu mai tsakuwa, ko fako mai tauri. Rana tana dukan wurin tun safe har marece. Ba inuwa, ba haki. In an yi ruwa, ba ya shiga ƙasa. Sai ya gangaro da gudu, ya haƙa korama, ya cinye gonakin da ke ƙasa.

Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen icce a Nijar. Kowace shekara ana dasa itatuwa masu yawa. Amma waɗanda aka dasa bisa dutse, da yawansu ba su ganin damana ta biyu. Akan ce laifin fari ne, ko laifin awaki. Sau da yawa laifin yana wurin zaɓe: an kai icce inda ba wurinsa ba.

Wannan darasi yana koyar da abu guda. A ƙasar dutse, a zaɓi iccen da ba ya bukatar ban ruwa, wanda kuma yake fure bayan damana ta wuce.

1. HALIN ƘASAR DUTSE

Ƙasar dutse tana da aibi 3. Ƙasar ba ta da zurfi. Dutse yana ɗaukar zafin rana. Ruwan sama kuma ba ya tsayawa.

Amma dutse yana da amfani. Wanda ya ɗaga dutse kwana kaɗan bayan ruwa, zai tarar da laima a ƙarƙashinsa, alhali gefe ya bushe. Dutse yana rage gudun ruwa. Yana tare ƙura, da ganye, da irin da iska ta kwaso. Saiwa kuma tana bin tsagar dutse, ta nemi danshi can ciki.

Damana wata 3 ce ko 4. Sauran wata 8 ba ruwa. Ga lissafi. Gari ya dasa icce 50 bisa tudu. Kowane icce yana son litir 10, sau 2 a mako. Litir 1000 ke nan kowane mako, wato bido 50 mai litir 20. Wa zai hau tudu da bido 50 kowane mako, har wata 8? Mata da yara sun riga sun gaji da ɗibar ruwan sha. Don haka iccen da sai da ban ruwa yake rayuwa, ba na tudu ba ne.

2. TAMBAYOYI 4 KAFIN A ZAƁI ICCE

Ta farko: yana fitowa da kansa bisa duwatsun yankin? Wannan ita ce babbar shaida. A zagaya tudu cikin bazara, lokacin da zafi ya kai matuƙa. Iccen da aka tarar da ransa a lokacin, shi ne na wurin. Tsofaffi da makiyaya sun san sunan kowanne, sun san kuma waɗanda suka ɓace. A tambaye su.

Ta biyu: yana iya rayuwa ba ban ruwa? Jikin icce yana nunawa. Wani ƙananan ganye gare shi. Wani ganyensa yana da kauri kamar fata. Wani yana zubar da ganye da rani, don kada ya yi asarar ruwa. Wani kuma yana ajiye ruwa cikin kututturensa.

Ta uku: yana kare kansa daga bisashe? Mai ƙaya, ko mai ɗaci, ko mai nono, ya fi sauƙin tsaro.

Ta huɗu: yaushe yake fure, mene ne kuma amfaninsa?

3. DON ME AKE SON MAI FURE BAYAN DAMANA?

Da damana fure ko'ina yake. Wake yana fure, yakuwa tana fure, hakin daji yana fure. Da an yi kaka, duk su bushe. Daga nan wahala ta fara.

Ƙudan zuma yana rayuwa da ruwan fure da garin fure. In ya rasa su, sai ya bar amya ya gudu. Mai amya ya yi asarar zuma. Mai garka ma ya yi asara, domin ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Kabewa da kankana ba su yin ƴaƴa sosai in ba ƙwarin da ke wannan aiki. Masu fitar da irin albasa, kamar na Galmi, su ma suna cin moriyarsa.

Bisashe kuma suna samun ɗanyen ganye, da fure, da ƴaƴan icce, lokacin da haki ya zama kara. Mutane suna samun abin ci da abin kai wa kasuwa, lokacin da rumbu ya fara sauka.

Icce iri ɗaya ba ya fure wata 8. Dabara ita ce a haɗa iri-iri. In wannan ya gama, wancan ya ɗauka, tun daga kaka har faɗuwar ruwa.

4. ITATUWAN DA SUKA DACE

Magarya. Tana fure a ƙarshen damana zuwa kaka. Furenta ƙanana ne, amma ƙudan zuma yana son su ƙwarai. Ƴaƴanta suna nuna da ɗari. Ana cin su, ana daka su a yi akuri, ana sayarwa. Awaki suna cin ganyen. Ƙayarta tana yin shinge. Tana fara ƴaƴa wajen shekara 4. Kafin shuka, a fasa ƙwallon a hankali, a fitar da irin da ke ciki.

Gamba. Haki ce, ba icce ba, amma saiwarta ba ta mutuwa da rani. Tana fitar da kai a ƙarshen damana. Ana yanke ta a yi zana, ta sake tohowa. Wurinta shi ne bayan jerin duwatsu, inda ƙasa ke taruwa. Saiwarta tana riƙe ƙasar. Ana raba gindinta a dasa cikin tsakiyar damana.

Anza. Ita ce sarauniyar fako. Ganyenta kore ne duk shekara. Tana fure da ɗari. Ƴaƴanta suna nuna wajen farkon damana, daidai lokacin da cimaka ta yi wuya. A yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, anza ta ceci mutane da yawa. Amma a kula: ɗanyen ƙwallonta yana da ɗaci, yana kuma cutarwa. Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki, ana sake ruwa, har ɗacin ya fita sarai, kana a dafa. Ana sa ganyenta cikin rumbu don korar ƙwari. Anza tana girma sannu-sannu, irinta kuma ba ya jimre ajiya. A shuka shi da zarar ya nuna. Abin da ya fi, a tsare wadda ta fito da kanta.

Jiga. Shi ma ba ya rabuwa da ganye. Yana fure da rani. Raƙuma da awaki suna son shi. Mutane suna dafa ganyen. Saboda daɗinsa ga bisashe, yana bukatar shinge tun yana ƙarami.

Aduwa. Tana jimre fari, tana jimre tsakuwa. Mafi yawan furenta da rani ne. Ana cin ƴaƴanta, ana fitar da mai daga ƙwallon, ana cin dubagara. Iccenta yana yin allo da ƙota. Tana ɗaukar shekara 5 zuwa 8 kafin ta fara ƴaƴa. A jiƙa ƙwallon kwana ɗaya kafin shuka. Wanda awaki suka tuƙa suka zubar a garke, shi ma yana tsira da kyau.

Dashi, wanda waɗansu ke kira iskici. Yana son dutse. Yana zubar da ganye da rani, sa'an nan ya fitar da ƙananan fure jajaye. Ba ya bukatar iri. A sari reshe, a kafa a ƙasa, sai ya kama. Don haka ake yin shinge mai rai da shi.

Aguwa. Ita ma reshe ake kafawa. A yanke reshe mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, a bar shi a inuwa kwana kaɗan, bakin yankan ya bushe. A kafa shi a ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka. In an kafa cikin laima mai yawa, ruɓewa yake. Bisashe ba su damu da ita ba. A kiyayi nononta, kada ya shiga ido.

Geza. Ita ce mai rufe layi. Tana fure da bazara, dab da faɗuwar ruwa. Tana fitowa bisa jan dutse, inda kusan ba ƙasa. Ana saƙa kwando da kujera da rassanta, ana yin jinkar rumbu. Ana dafa ganyenta a sha kamar shayi. In an sare ta, tana tohowa daga kututture.

5. WAƊANDA BA NA DUTSE BA NE

Mangwaro, da gwaba, da lemu, itatuwan garka ne. Wurinsu kusa da rijiya.

Dogon yaro ya yi kyau a kwarin Majiya, inda aka fara dasa shi layi-layi a 1975 don tare iska. Amma can ƙasa tana da zurfi, ruwa kuma ba ya da nisa. Bisa tudu mai dutse, yakan tsumbure ko ya bushe.

Gawo yana fure bayan damana, yana ganye da rani. Amma doguwar saiwarsa tana son ƙasa mai zurfi, don ta kai ga ruwa. Wurin gawo gona ne. A bar shi can, ya yi wa hatsi taki.

6. GYARAN WURI

Icce nagari ma yana son a tara masa ruwa. Mutanen jihar Tawa sun nuna hanya. Wajen 1984, an buɗe babban aikin raya karkara a Keita, tare da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Sun jera duwatsu, sun haƙa ramu a jikin tudu. An dasa miliyoyin itatuwa, mafi yawansu masu ƙaya. A 1989 kuma, waɗansu manoman Illela sun je Yatenga, a Burkina Faso. Sun ga yadda ake faɗaɗa rami a zuba taki a ciki. Da suka komo, suka gyara tassarsu, fako ya koma gona.

Ga dabarun:

Jerin duwatsu, wanda a Adar ake kira gandari. Ana jera duwatsu a gicciye, su tare hanyar ruwa. Kada layin ya bi gangare. Manya a ƙasa, ƙanana su toshe kafofi. Ruwa yana ratsawa a hankali, ƙasa ta tsaya.

Rabin wata. Rami ne mai siffar rabin wata. Faɗinsa metir 4, zurfinsa wajen santimetir 20. Bakinsa yana duban sama, inda ruwa ke fitowa. Ƙasar da aka haƙa, a tara ta ta gefen gangare, a danne ta da duwatsu. Na layi na biyu ya tsaya daidai tsakanin biyu na layin farko. Ta haka ruwan da ya kuɓuce wa na sama, na ƙasa ya kama shi.

Dogon rami. Shi ne na jikin tudu mai gangare sosai. Tsawonsa metir 3, faɗi santimetir 60, zurfi santimetir 60. A tsakiya ana barin ɗan tudu. Nan ake dasa icce, don kada ruwa ya nutsar da shi.

Duk wannan aikin rani ne. A gama shi kafin ruwan farko.

7. DASHE DA KULAWA

Kafin a dasa sabo, a duba abin da ke wurin. Kututture mai toho ya riga ya yi saiwa mai zurfi. A zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi a bari, a yanke sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun wajen 1984. Ba ya cin kuɗi, ba ya son ban ruwa, ya kuma fi dashe saurin girma.

Inda ba kututture, sai shuka ko dashe. Malamin daji yana nuna inda pepiniyar take, wato wurin renon ƙananan itatuwa.

A dasa lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai, daga Yuli zuwa farkon Agusta. Wanda aka dasa a Satumba, ruwa zai ɗauke kafin saiwarsa ta kama.

A haƙa rami santimetir 40 faɗi, santimetir 40 zurfi. A zuba tsohon taki cikin tafi biyu, a gauraya da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

A cire ledar kafin a sa icce a rami. A dasa da marece. A danne ƙasa da ƙafa.

A kewaye gindin da ƙananan duwatsu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da jikin iccen. Duwatsun suna hana laima gudu.

A yi shingen ƙaya. A cire busasshen haki kewaye da gindi bayan kaka, saboda gobara. Shekara 2 ko 3 na farko su ne masu wuya. Bayan nan icce ya tsaya da ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

8. ƘARAMIN LAMBUN DUTSE

Ana iya gwada wannan darasi a ƙaramin wuri: ƙofar makarantar yaƙi da jahilci, ko lakwal, ko gidan likita. Fili mai taki 4 tsawo, taki 3 faɗi ya isa.

A zaɓi wurin da rana ke samu duk yini, wanda ruwa ba ya kwanciya. A tara ƙasa ta yi ɗan tudu: rairayi, da tsakuwa, da tsohon taki kaɗan. A kafa manyan duwatsu, a binne kashi ɗaya cikin uku na kowanne, don kada ya motsa. A karkata su baya kaɗan, ruwan sama ya gangara wajen saiwa. A cika duk kafofi da ƙasa, don kada kunama ko maciji su sami maɓoya.

A baya, a sa gamba. A kewaye, a kafa aguwa ko dashi. A tsakiya, a dasa ƙariya.

Ƙariya tana da ƙaton gindi mai ajiye ruwa. Da rani, lokacin da ta zubar da ganye, sai ta cika da fure ja mai haske. Ba safai ake ganin ƴaƴanta ba. Shi ya sa masu magana suka ce: ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Reshenta ake kafawa, bayan bakin yankan ya bushe. Yawan ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishirwa ba. Amma a yi hattara: ruwan jikinta dafi ne. Maharba sun daɗe suna sa shi a kibiya. Kada yara su yi wasa da ita, kada bisashe su kai gare ta. Wanda ya yanke ta, ya wanke hannu da sabulu.

A shekarar farko, tulu ɗaya a mako ya ishi wannan lambu da bazara. Daga shekara ta biyu, ruwan sama ya wadatar.

9. A YI SHAWARA TUN DA WURI

Tudun da ba kowa ke so ba, ranar da ya yi kore kowa zai ce nasa ne. Sau da yawa kuma tudu makiyaya ce, ko burtali ya ratsa ta. In an rufe wuri ba da sanin makiyaya ba, rigima za ta tashi, shinge kuma ba zai kwana ba.

Don haka, kafin a ɗaga diga, a zauna: maigari, da manoma, da makiyaya, da mata, da samari. A yanke magana a kan abu 4. Wurin na wane ne? Shekara nawa za a tsare shi? Wa zai yi tsaro? Yaya za a raba haki, da ƴaƴan icce, da zuma? Tun 1993 Nijar tana da dokar karkara, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye. A kai musu maganar, a rubuta ta a takarda. Nan ne ilimin ɗan makarantar yaƙi da jahilci zai yi wa garinsu rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN TUNAWA

Iccen da ya fito da kansa bisa dutse, shi ne na dutse.
A haɗa iri-iri: magarya da kaka, anza da ɗari, jiga da aduwa da dashi da rani, geza da bazara.
A tara ruwa da rani, a dasa da damana.
A tsare kututture mai toho kafin a nemi sabon dashe.
A yi shawara kafin a yi shinge.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne itatuwa ne ke fitowa da kansu bisa duwatsun garin? A rubuta sunayensu a allo.
2. Wane lokaci kowannensu yake fure? Akwai watan da ba fure ko ɗaya?
3. Waɗanne itatuwa ne tsofaffi suka sani a wurin, waɗanda yanzu babu su?
4. Don me gawo bai dace da tudu mai dutse ba?
5. Yaya ake gyara ƙwallon anza kafin a ci?

LISSAFI

1. Eka ɗaya metir 100 ce tsawo, metir 100 faɗi. Ana haƙa rami kowane metir 4. Rami nawa ne a layi ɗaya? Layi nawa ne? Rami nawa ne duka?
2. Mutum ɗaya yana haƙa rabin wata 2 a yini. Mutum 20 za su haƙa nawa cikin kwana 5?
3. An dasa icce 120. Bayan shekara ɗaya, 90 suna da rai. Nawa za a sake dasawa?